Ga mai Pajero: ni ma na rabu da tawa jif ɗin, ga yadda ta kaya

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka. Ni ba mai yawan magana ba ne a zauren nan, karatu nake yi in wuce, amma taka ta hana ni wucewa. Ka ce Pajero ɗinka ta tsufa, mai ya gagare ka, kana so ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauki Corolla ko Vibe ko RAV4 ta hannu. Inda ka ce har ka lulluɓe ta da tamfol kana hawa Keke zuwa wurin aiki, wallahi nan ne na ajiye wayar na yi shiru, domin haka na yi wata huɗu cur. Maƙwabta na tambaya ko motar ta lalace, ina cewa ai gyara take jira, alhali lafiyarta lau, aljihun mai ita ne ke jinya.

Tawa Pathfinder ce mai filogi shida, shekara tara muna tare, kuma ba ta taɓa kunyata ni ba. Da ita nake shiga gonata a bayan Kujama cikin watan Agusta, inda mai babur ma sai ya sauka ya tura. Tankinta ya kusa lita 80. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da wajen dubu goma sha biyar nake cika shi. Da lita ta haura naira 600 sai ya koma kusan dubu hamsin, kuma daga Mando in sauke yara, in bi gari in tsallaka gada zuwa Kakuri, in dawo, kwana goma ba ya yi. Na taɓa aunawa, a cikin gari kilomita shida take ba ni a lita, in na kunna AC ko shidan ba ta cikawa. To ka san sauran labarin, kai ma shi kake ciki.

Ba zan ce kada ka sayar ba. Abin da zan ce kada ka sayar irin sayarwar da na yi, ta wanda wuta ta kama wa riga.

Akwai wani dillali a unguwarmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma ba mamaki yana cikin zauren nan yana karantawa. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, Yaya yake ce min, na je sunan 'ya'yansa biyu. Shi ya yi ta bi na yana cewa Yaya ka rabu da wannan rijiyar tun tana da mai so, nan da wata shida ko kyauta ba wanda zai karɓi mai filogi shida sai 'yan Panteka su auna ta a kilo. Ya kawo wani wai baƙo daga Zamfara, ya zagaya motar yana taɓe baki, ya taya ta tayin wulaƙanci. Shi kuma namu ya ja ni gefe yana cewa in karɓa, alheri ne. Na karɓa, na ba shi la'adarsa har da ƙari. Bayan sati uku ina wucewa ta Ali Akilu na hango motata an wanke ta an goge tana sheƙi da galan a kan rufinta. Na tura yaro ya tambaya. Kuɗin da aka gaya masa ya kusa ninka wanda aka ba ni. Baƙon Zamfara kuwa ashe yaron shagonsa ne.

Duk wannan da na haƙura. Kuskurena na biyu shi ne riƙe kuɗin. A Disambar 2023 na sayar, na ce bari in nema a tsanake. Kafin ƙarshen Fabrairu dala ta wuce naira 1,500, kuɗin duti ya bi ta, masu mota suna sauya farashi kusan kowace safiya. Kuɗin da zai saya min mota mai kyau a Disamba ya koma ba ya sayen rabinta. Saboda haka Malam, ka fara samo wadda za ka saya, a duba ta, a yi ciniki, ka ba da kafin alƙalami in ta kama, sannan ka saki taka. Kada kuɗin mota ya kwana a hannunka sati biyu, ko naira ba ta ci shi ba kuɗin makaranta da rashin lafiyar dangi za su ci.

Kuma don wauta, wurin mutumin nan na sake komawa. Lokacin ban riga na gane batun baƙon Zamfara duka ba, kuma kunya ta ɗaure ni. Ya ce ya samo min 'yar Beljiyam, ba ta taɓa taka titin Najeriya ba sai daga jirgi zuwa tirela. Ba zan faɗi irin motar ba don kada a ce kamfani nake zagi, ba laifin masu ƙera ta ba ne. Bayan magariba ya kawo ta ƙofar gida, injin da zafinsa, an fesa turare a ciki. Na ce bari gobe in kira bakanikena, sai ya ɓata rai, wai Yaya yanzu ni za ka kira wa bakanike, ga wani Alhaji can a Unguwan Rimi yana jira da kuɗi a hannu, don kai ne na hana shi. A daren na tura kuɗi.

Sati na uku muka je suna Abuja. Ni da maiɗakina da jaririyarmu da Hajiya mahaifiyata. A dawowa mun ɗan makara, mun wuce Kateri rana tana shirin faɗuwa, sai na ga allurar zafi ta tashi tsaye. Kafin in gangara gefe tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi wata ƙara ya mutu. Duk ɗan Kaduna ya san abin da ake nufi da mota ta mutu maka a wannan yankin da magariba, ba sai na yi bayani ba. Na tsaya ina ɗaga hannu, motoci suna wucewa kamar an harbo su, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ba zan tsaya ba. Hajiya tana baya tana jan Hasbunallahu, maiɗakina ta danne bakin yarinya da nono don kada ta yi kuka, duk ganyen da ya motsa a dajin sai gabana ya faɗi. Na kira mutumin nan sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Tana shiga ba ya ɗauka, a na sha biyu aka ce a kashe take. Wallahi a ranar na zubar da hawaye a bayan but inda iyalina ba za su gani ba. Ba kuɗin nake wa kuka ba, tunanin ni na ɗauko tsohuwar nan na kawo ta nan saboda na ji kunyar wani ƙato.

Wani direban a-kori-kura ne Allah ya turo, dattijo, ya ɗauko buhunan citta. Ya ɗaure mu da igiya ya ja mu a hankali har cikin gari, sai wajen sha ɗayan dare muka shigo. Ya ƙi karɓar ko sisi sai kuɗin shayi da na cusa wa yaronsa. Allah ya saka masa, ya sa ya gama lafiya.

Da bakanike ya buɗe washegari sai ya kira ni ya ce zo ka ga Beljiyam ɗinka. Gasket ya ƙone, kuma ba ƙonewar farko ba ce, an taɓa fere kan injin. An ɗura baƙin mai mai kauri kamar kunu don ya ɓoye hayaƙi da ƙara. An cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, an yi walda, an cire ƙwan fitilar da ke nuna matsalar injin don kada ta kama. A ƙarƙashin safaya kuma muka tsinci katin gayyatar biki na Fatakwal, na shekara huɗu baya. Da na tare shi a ƙofar masallaci ka san me ya ce? Wai Yaya ai injin kamar ran mutum ne, ba a san ranarsa ba. Liman ya shiga tsakani, aka ce a yi haƙuri, ya mayar min da abin da ko rabin kuɗin injin bai kai ba, shi ma a biya uku. Har yau yana miƙo min hannu bayan sallama, ina ba shi, amma Allah ya san abin da ke raina.

Na yi nisa, ka yi haƙuri. Kan motocin da ka lissafa, in don mai ne kawai, Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa 2008 ba ta da abokin gaba, sai dai kowa ita yake nema, don haka tsadarta ta fi ƙarfinta, kuma an fi yi mata kwaskwarima a sayar wa mutum. Vibe injin Corolla ne a cikinta, da haɗin gwiwar Toyota aka ƙera ta, ita da Matrix kamar Hassan da Hussaini suke, kayan injinta kuwa a kasuwar Oriakpata ko Panteka ba ka shan wahala. Bayanta yana kwantawa ka zuba buhu. Ita nake hawa yanzu, tana ba ni wajen kilomita goma sha ɗaya a lita cikin gari. Amma ka duba da kyau, akwai mai jan ƙafa huɗu, akwai ta 2009 da 2010 mai injin 2.4, waɗannan sun fi sha. RAV4 kuma kada ka ji sunan ka ɗauka duk ƙanana ne, daga 2006 akwai mai filogi shida, sai ka gudu daga gara ka faɗa gidan zago. Mai 2.4 ɗin wasu suna shan baƙin mai, a duba salansa a kuma ja sandar auna baƙin mai a gani. Kada ka raina Fijo 406 mai filogi huɗu, a garin nan aka harhaɗa ta, masu gyaranta sun fi na ko'ina, amma tana son mai wayarin da ya san aikinsa, ba mai yanke-yanke ba.

Ina ka ce kana zuwa ma da motar? Ba ka faɗa ba, kuma shi ne ginshiƙi. Ni ban yi wannan tunanin ba sai da damina ta sauka. Yanzu a bakin titi nake ajiye mota in hau babur zuwa gona, taki da amfani kuma sai na yi haya. Da na haɗa kuɗin hayar shekara, rabin abin da na rage a mai ya tafi can. In kana da ƙauye ko gona mai mugunyar hanya, ko layinku irin na cikin Rigasa ne da ruwa ke yankewa, ka yi lissafi da biro kafin ka yi da zuciya. Akwai abokin aikina da ya ƙi sayar da tasa jif ɗin, ya sayi babur na zirga-zirgar gari, jif sai ranar tafiya. Muna yi masa dariya a lokacin, yanzu shi ke yi mana. Wasu kuma suna mayar da nasu gas na CNG, sai dai tukunyar tana cin wuri, kuma in ka bar manyan garuruwa samun inda za ka sha aiki ne.

Sannan kafin komai ka kai Pajero ɗin a sa mata kwamfuta. Sau da yawa rabin shan man tsohuwar mota mu muke jawo shi. Bakanike ya cire abin da ke daidaita zafin injin ya haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, to injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai ya yi ta zuba mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba. Haka in na'urar da ke auna hayaƙi ta mutu, ko filogi jabu ne, ko tayoyi manya fiye da kima kuma ba iska. Ba za ta koma Corolla ba, amma ko sayarwa za ka yi ta fi daraja.

Ranar dubawa kuwa, da sassafe, injin a sanyaye, kai za ka fara tayarwa da hannunka. In ka zo ka tarar da bonet da ɗumi ka ce sai gobe. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, duk fitilun gaban direba su kama, wadda ba ta kama ba an kashe bakinta ne. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara ka juya. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera, tsatsa ko busasshen taɓo alamar motar ambaliya ce, kuma ana shigo da su daga Amurka da yawa. Lambar tafiyar da ke allo kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya, ka dubi sitiyari da abin taka birki yadda suka suɗe. Lambar shasi a buga ta a intanet, in ta Amurka ce sau da yawa har hoton ranar gwanjonta za ka gani. Takardun kwastan kuma a kai ofishinsu nan Kaduna a tantance kafin ka biya, domin tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma duk wadda ta bi ta daji da takardar bogi kai za a tare a hanyar Zariya, ba dillali ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce e.

Af, jak ɗin Pajero da tayoyin in sababbi ne kada ka bari su tafi a kyauta, ni har igiyar ja da famfon iska na manta a but, igiyar da na nema a Kateri ban samu ba.

Bakaniken da ya buɗe min waccan motar yana nan, ba ya karɓar ko kwabo a hannun dillalai, shi ya sa ba sa ƙaunarsa. In ka samu wadda ta kwanta maka ka taɓo ni ta akwatin saƙo, ranar Asabar ba na zuwa ko'ina sai bayan azahar, sai mu ɗauke shi mu je tare.