Amsa ga Dakta kan sayen hannun jari a asibitin likitoci a Amurka

Assalamu alaikum. Dakta, ka ce an yi maka tayin hannun jari a wani asibitin ƙashi mallakar likitoci, kuma ka ji ana cewa doka ta hana irin wannan. Ni nas ce a Texas, na yi shekara huɗu a irin wannan asibiti kafin in koma babban asibitin gari, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Ba a hana likita gina asibiti ba. Abin da aka toshe shi ne kuɗin Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama. Asibitin gwiwa ko na zuciya kuwa, in ka cire masa tsofaffi, me ya rage?

Tushen maganar dokar Stark ce ta 1989, mai sunan Pete Stark, ɗan majalisa daga Kalifoniya, aka faɗaɗa ta a 1993. Ta hana likita tura marar lafiya ɗan Medicare inda yake da jari, amma ta bar ƙofa: in jarin nasa na asibitin ne gaba ɗaya, ba na sashe guda ba, babu laifi. Ta nan likitoci suka bi, suka riƙa gina ƙananan asibitoci na zuciya, ƙashi ko tiyata kaɗai, musamman a Texas, Oklahoma da Kansas, inda ba sai an nemi shaidar cewa gari na buƙatar sabon asibiti ba. A 2003 majalisa ta dakatar da sababbi na wata 18, abin ya ja har 2006. Sai sashe na 6001 na dokar lafiya ta Obama ya rufe ƙofar a 2010.

Inda na yi aiki, wallahi kulawa ba a magana. Marasa lafiya uku ko huɗu ke hannuna, tiyata na farawa kan lokaci, in kayan aiki ya lalace mai wurin na tsaye kusa da ni, washegari an gyara. Amma akwai daren da ba na mantawa. Wani dattijo da aka canza wa ƙugu ya kama ƙirji wajen ƙarfe biyu, babu likita ko ɗaya a ginin. Mu da ke cikin asibiti, mu muka kira lambar gaggawa ta 911 aka kai shi wani asibitin. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Da na koma babban asibiti na ga su wa ake barin masa: marasa inshora, 'yan haɗari, mai ciwon suga da ƙoda a haɗe. Hukumar MedPAC mai ba majalisa shawara ta faɗi kusan haka a 2005, cewa asibitocin likitoci sun fi ɗaukar masu sauƙin ciwo, kuma ba su cika karɓar talakawa 'yan Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa hali, ba.

Duk da haka ban yarda tausayin talaka ne kaɗai ya haifi dokar 2010 ba. Ƙungiyar manyan asibitoci, AHA, ta yi shekaru tana kamun ƙafa, sanatoci irin su Chuck Grassley na Rifablikan da Max Baucus na Dimokurat suka riƙe maganar, ƙungiyar likitoci AMA tana ɗaya ɓangaren har yau. Abin da ke ci min rai shi ne manyan asibitocin nan sun bi suna saye ɗakunan duba marasa lafiya na likitoci, likita ya zama ma'aikacinsu, yana tura kowa gidan ubangidansa. Turawar da aka ce haɗari ce tana nan, aljihun da take cikawa ne ya canza. Da ni ce, tilasta musu zan yi su ajiye likita dare da rana, su karɓi rabonsu na marasa hali, a bar su su yi aiki.

Kafin ka sa hannu, Dakta, ka tabbatar asibitin yana da yarjejeniya da Medicare tun kafin ƙarshen 2010. Ka kuma sani ba zai ƙara gadaje ko ɗakunan tiyata sama da na 23 ga Maris 2010 ba sai da izini na musamman, kuma kason likitoci gaba ɗaya ba ya ƙaruwa, wato kason wani mai fita za ka saya. Ka nemi lauya ya duba takardun, sannan ka je da kanka da daddare ka ga wa ke kwana a ginin.