Maigidana soja ne, barci ya ƙaurace masa

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana soja ne, ya dawo daga fagen daga a Borno watannin baya. Tun dawowarsa ba ya runtsawa sai gab da asuba, kuma yakan farka a firgice yana gumi. Kwanan nan na ji ya ce da ma ya mutu ya huta. Shin rashin barcin ne ya kai shi ga wannan furuci? Daga wata matar soja, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki ɗauki wannan furuci da wasa. Masana sun daɗe da gano alaƙa tsakanin rashin barci da tunanin kashe kai. Wani bincike da Jessica Ribeiro da abokan aikinta suka wallafa a 2012 kan matasan sojojin Amurka ya nuna cewa rashin barci shi kaɗai yana ƙara wannan haɗari, ko da an cire tasirin ciwon damuwa da yanke ƙauna. Ana ganin dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba tana rasa ƙarfin danne fushi da hana mutum aikata abu cikin gaggawa, sannan tsakar dare lokaci ne da mutum ke kaɗaita da tunaninsa, babu mai ɗebe masa kewa. Ga soja abin ya fi tsanani, domin sintiri da gadin dare sun saba wa jikinsa da zama cikin shiri, munanan mafarkai kuma suna maimaita masa abin da ya gani.

Ki tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, hasali ma takan sauƙaƙa wa mutum faɗin abin da ke ransa. Ki nisantar da makami, magunguna da fiya-fiya daga inda yake, ki kuma sanar da wani babba da yake jin maganarsa. A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, a Asibitin Sojoji na 44 ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ban ba da shawarar sayen ƙwayar barci a kemis ba, domin takan rufe matsalar, kuma tarinta a gida haɗari ne. Likitoci suna da hanyar gyara barci ta zaman tattaunawa, da maganin rage mafarkan firgici, kuma addu'a ba ta hana neman su.