DNA da ƙwayar gado ba abu ɗaya ba ne

Kana tambaya ko DNA da ƙwayar gado abu ɗaya ne. A'a, ɗan'uwa. DNA shi ne dogon zaren da ke cikin ƙwayoyin jikinmu gaba ɗayansa, ƙwayar gado kuwa yanki ce a jikinsa mai ɗauke da umarnin haɗa furotin. Zaren kamar tsani yake da aka murɗe, kowane mataki sinadarai biyu ne riƙe da juna, waɗanda ake kira da haruffa: A da T, C da G, ba sa canja abokin tafiya. Matakan nan sun kai wajen biliyan 3 a ɗan'adam, amma ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kusan 20,000 ne kacal.

Ni abin bai zauna min ba sai da na karanta yadda sikila take. Harafi ɗaya tak ne ya canja a ƙwayar gadon himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, GAG ya koma GTG. Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su riƙa lanƙwashewa kamar lauje. Da canjin ya faɗa wurin da babu umarni a zaren, galibi ko alamarsa ba za a gani ba.