Amsa kan makalar Kobe: wanda ya goge maka jimlar bai yi laifi ba, amma kar ka janye

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, cewa ku uku kuke haɗa makalar birnin Kobe a Wikipedia, kai ka zauna a garin ka yi karatu, ka rubuta cewa Kobe ya fi ko'ina daɗin zama a Japan kuma mutanensa ba su da wariya, sai wani da ko filin jirgin Kansai da ke kusa da Kobe bai taɓa takawa ba ya zo ya goge ya ce ra'ayi ne. Kana tambaya wai ba gani ya kori ji ba?

Toh ni ma na zauna a Kobe, kuma wallahi ina son garin kamar yadda kake sonsa, teku a gabanka dutsen Rokko a bayanka, ka hau jirgin ƙasa a Sannomiya kafin ka gama duba saƙonnin waya ka isa Osaka. Amma a kan wannan jimlar dai mutumin nan yana da gaskiya. Ka ɗauka wani Bajapane ya zo Kano ya zauna a Nasarawa GRA, daga gida sai ofis a mota mai sanyi, ya koma ya rubuta cewa Kano gari ne shiru babu cunkoso babu hayaniya. Ƙarya ya yi? A'a, abin da ya gani ya faɗa. Amma duk wanda ya taɓa ratsa Kantin Kwari da azahar zai yi dariya. Mu ma haka muke a Kobe, unguwa ɗaya ko biyu muka sani a garin da ke da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi.

Kuma maganar wariya ɗin nan ma ni abin da na gani daban ne da naka. Lokacin da nake neman ɗaki, dillalin gidaje a gabana ya ɗaga waya ya kira mai gida, da ya ce baƙo ne ɗan Afirka sai na ga ya fara sunkuyar da kai yana ba wayar haƙuri, ya ajiye ya ce mu duba wani. Cikin ladabi fa, har da shayi aka ba ni. To kaga da ni da kai muna cikin masu gyaran, kai ka sa babu wariya ni in goge in sa akwai, wa zai raba mu? Ba abin da zai raba mu sai madogara. Ma'aikatar shari'a ta Japan ta fitar da wani bincike a 2017 da ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na baƙin da suka nemi gidan haya an taɓa hana su saboda baƙi ne. Wannan ana iya rubutawa a ce ga wanda ya faɗa ga shekarar. Shi ma ɗin na ƙasar ne gaba ɗaya ba na Kobe kaɗai ba, don haka sai an yi hattara kar a ɗora wa garin shi kaɗai.

Yanzu inda zamanka yake da amfani, kuma nan ne nake so ka tsaya da ƙafarka. Su abokan aikinka fassara suke daga abin da suka samu a intanet, ba su san me ya kamata ya shiga me ya kamata ya fita ba. Kai ka sani. Misali masallacin Kobe. Mai karanta Hausa in ya buɗe makalar nan ina tabbatar maka abin da zai fi ɗaukar hankalinsa kenan, an buɗe shi a 1935, shi ake lissafawa masallaci na farko a Japan, 'yan kasuwa Indiyawa da Tatar da Turkawa mazauna garin ne suka haɗa kuɗin gina shi. Bama-baman Amurka na 1945 sun ƙone unguwannin da ke kewaye shi yana tsaye, girgizar ƙasar 17 ga Janairu 1995 da ta kashe sama da mutum 6,000 ta zo ta wuce yana nan. Wanda bai taɓa sallar Juma'a a ciki ba zai iya ba shi layi ɗaya ya wuce, kai ne za ka ce a'a wannan sashe guda yake buƙata. Amma ka lura, ni da kai za mu ce ikon Allah ne ya tsare shi, kuma haka muka yi imani, sai dai a makala abin da za ka rubuta shi ne ginin ya tsira daga yaƙi da girgizar ƙasa, in ka samu majiyar da ta ce mutane na kiransa masallacin mu'ujiza sai ka ce mutane na kiransa haka. Mai karatu ba yaro ba ne, zai yi tasbihinsa da kansa.

Haka naman Kobe, wato naman shanun nan da ya yi suna a duniya. Duk inda ka duba sai ka ga wai shanun giya ake ba su ana musu tausa, kuma na tabbata wani zai kwaso wannan ya zuba muku. Ƙa'idar da aka sani ita ce saniyar ta kasance jinsin Tajima, an haife ta an yi kiwonta a lardin Hyogo, naman kuma ya kai wani mataki na inganci. Giya ba ta cikin sharuɗɗan. Kai da ka zauna can ka san ma yawancin mutanen garin ba shi suke ci kullum ba saboda tsada, mu ɗalibai kam sai dai mu gan shi ta gilashi, balle ga matsalar yanka.

Sai abin da masoyin gari ba ya son a taɓo. Yamaguchi-gumi, babbar ƙungiyar 'yan daban Japan da ake kira yakuza, a Kobe hedikwatarta take. Ni ban taɓa ganin wani abin tsoro a titi ba, ƙarfe ɗayan dare na sha dawowa a ƙafa, amma rashin ganina ba zai sa a cire ta daga makala ba. In abokin aikinka ya sa kar ka goge don kishin gari, ka dai duba kar ta cinye rabin shafin, layi biyu uku ya ishe ta kusa da tarihin tashar jiragen ruwan da aka buɗe wa Turawa a 1868.

Shawarata kar ka mayar da jimlar, in ka mayar ya sake gogewa kun shiga jan-in-ja kenan har admin ya rufe shafin kowa ya yi asara. Ka je shafin tattaunawa ka rubuta musu cewa ka zauna a garin, ga abubuwan da kake ganin babu, ga waɗanda aka yi kuskure, ku raba aikin neman madogara. A can kana da damar cewa ni na gani da idona, ba mai hana ka. Hotunan da ka ɗauka da wayarka kuma ka ɗora su a Wikimedia Commons, wato ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, na masallacin da na unguwar Kitano da Nankinmachi, wannan ba wanda zai ce maka ra'ayi ne. Irin bayanin nan na ina ake samun naman halal kusa da masallaci, wane jirgi za ka hau, wane wata ne zafi ya fi, shi kuma Wikivoyage, shafin jagorar matafiya ɗan'uwan Wikipedia, ya dace da shi, can sun yarda matafiyi ya rubuta abin da ya sani matuƙar ya yi adalci.

In kun gama sashen masallacin ka turo min in duba, ina da hotunan cikinsa da na hasumiyar daga waje in kuna so.