Me ya sa dala ke tashi tun kafin gwamnati ta zartar da komai?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa dala ke tsalle da zarar an fara raɗe-raɗin sabon tsari. Na shekara da shekaru ina sayen dala a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, don sarin yadi, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ɗan canji ba ya tsoron doka komai tsananinta, zai zauna ya yi lissafi ya yanka farashi. Abin da ke hana shi barci shi ne bai san da me za a wayi gari ba. A Yulin 2021, da Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce bankin ya daina sayar wa 'yan canji dala, na je wurin mutumina da muka daɗe muna hulɗa. Ga bandir ɗin dala a jakarsa ina kallo, amma ya ce, "Alhaji, yau saye kawai muke." Ba ƙarewa ta yi ba, kowa ne ya danne tasa. Wanda ya yarda ya sayar kuwa sai ya tsuga kuɗi, wai don kada gobe ta ci shi. Mu 'yan kasuwar yadi ta Kantin Kwari ma da laifinmu: mai buƙatar dala nan da wata uku sai ya ruga ya saye yau.

Da aka saki naira a Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta yanka mata farashi, farashin dala na gwamnati ya bar wajen naira 460, kafin watan ya ƙare ya haura 700. Kowa na jiran ya ga inda za ta tsaya, zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,800 a kasuwar bayan fage.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Satumbar 2022 Kwasi Kwarteng, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya sanar da rage haraji, bai ce ga inda za a cike giɓin ba, cikin kwana uku fam ya gangaro kusan dala 1.03. A Turkiyya, Shugaba Erdogan na korar gwamnan babban banki a Maris ɗin 2021, lira ta zube.

Abokan cinikina na Maraɗi su ne ke mana dariya. An yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, an rufe iyaka, amma sefa na nan ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Sai dai ka zauna da dattawansu su ba ka labarin Janairun 1994, daren da aka raba darajar sefa biyu suna barci.