Tambaya da Amsa: Injin Iskar da Ba Ya Tashi Sai An Tura Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Sakkwato. Na haɗa ƙaramin injin samar da lantarki daga iska, mai fukafukai uku da na yanka daga bututun roba, na kafa shi a gonarmu ta wajen Wamakko. Idan ya kama juyawa yana cajin batir sosai, amma sau da yawa iska na kaɗawa yana tsaye cak, sai an tura shi da gora. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan ƙoƙari albarka. Ina kyautata zaton matsalar tana gindin fukafukan, wato ɓangaren da ke kusa da cibiya, wanda masu ƙira suka fi yin sakaci da shi.

Lokacin da injin ke gudu, mafi yawan ƙarfin da ke zama lantarki daga wajen ƙarshen fiffike yake fitowa, domin nan ne ya fi sauri. Amma lokacin da yake tsaye, iska tana bugun ƙarshen nan kusan gaba da gaba, ta turo shi baya ba tare da ta juya shi ba, sai aikin tayarwa ya koma kan gindi. Manyan injuna suna karkata fukafukansu da kansu kafin su tashi, ƙanana kuwa a kafe suke, saboda haka dole a sa karkatar tun wajen ƙira: gindi ya yi faɗi kuma ya murɗe sosai, sannan faɗin da murɗar su riƙa raguwa har zuwa ƙarshe. Dubi injin iska mai jawo ruwan rijiya. Fukafukansa masu yawa da faɗi suna tashi da 'yar iska kaɗan, sai dai ba su da gudun da janareta ke bukata. Shi ya sa ba na ba ka shawarar ƙara yawan fukafukai kafin ka gyara siffarsu.

Nauyi ma yana da nasa hannu, musamman wanda ya taru a ƙarshe, domin iska kan zo ne ta wuce, kuma kafin fiffike mai nauyi ya gama ɗaukar gudu sai ta lafa. Busasshen katako marar nauyi da aka sassaƙa da kyau ya fi bututu mai kauri, a ganina.

Kada kuma ka ɗora wa fukafukai laifin duka. Juya janaretan da hannu. Idan ka ji yana cijewa daki-daki, maganaɗisunsa ne ke kama ƙarfen ciki, kuma fukafukai sai sun rinjayi wannan riƙo kafin su motsa. Ƙurar hunturu da ke shiga boris tana ƙara cijewar, don haka a riƙa wanke shi ana sa sabon giris.

Injin da aka ƙera da kyau yakan fara ba da wuta a iskar da ke gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa guda. Ka ɗaga naka sama da bishiyoyin gonar, kuma idan da hali ka kai fiffike ɗaya Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nemi masana su duba maka murɗarsa.