Ɗana ya ce shi bai yarda akwai Allah ba

Anti, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Zuciyata a dagule take. Ɗana na fari, shekararsa 24, ya gama jami'a yana gida yana jiran bautar ƙasa, ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Yaron da na goya zuwa makarantar Lahadi, ya yi Boys' Brigade, ya shiga ajin baftisma, aka yi masa baftisma yana ɗan shekara 15. Shi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa. Yanzu ran Lahadi sai ya ja ƙofarsa ya rufe, mu fita mu bar shi kwance.

Babansa dattijo ne a ikkilisiya, ni kuma ina cikin shugabannin Zumuntar Mata. Me mutane za su ce? Ni da nake tsayawa ina koya wa mata tarbiyyar yara, ga nawa ya ce babu Allah.

Ba abin da ban yi ba. Na yi azumin kwana bakwai. Dattawa uku sun zo sun zauna da shi awa biyu, ya durƙusa ya gaishe su, bayan nan bai ce uffan ba. Kullum da asuba ina tura masa wa'azi ta WhatsApp, ba ya buɗewa. Na shafa man zaitun a ƙofar ɗakinsa. Babansa ya ce wanda ba zai sunkuyar da kai a yi addu'ar abinci ba kada ya zauna da mu, wata biyu ke nan a ɗaki ake kai masa tuwo. Maƙwabta sun fara lura. Me mutane za su ce, Anti?

Na tabbata littattafan nan ne da abokan jami'a suka lalata mini shi. Ita jitar dai tun shekarar da ƙanwarsa mai sikila ta rasu ya rataye ta, bayan wani mai addu'a ya ce bangaskiyarmu ce ta kasa, amma wannan ya wuce, mun bar wa Ubangiji. Abin da ke cin raina shi ne yaron da na goya zuwa makarantar Lahadi. Wata mai zuwa akwai taron farkawa. In tilasta masa ya je a yi masa addu'ar kuɓutarwa, ko mu tura shi gidan kawunsa kada ya ɓata ƙannensa? In ya ci gaba a haka me mutane za su ce?

Uwa mai damuwa, daga Kafanchan

'Yar'uwata cikin Ubangiji, sannu. Ba na goyon bayan kowa, hawayenki na gaskiya ne, tsoron babansa ma na gaskiya ne. Amma sau uku kika tambayi abin da mutane za su ce, 'yarki da ta rasu kuwa layi ɗaya kika ba ta, kika ce ya wuce. A wurin ɗanki bai wuce ba. Jitar nan da ke rataye ta riga ta faɗa miki ranar da abin ya fara. Littattafan sun zo daga baya ne, suka ba shi kalmomin da zai faɗi abin da ya daɗe yana cinsa.

Rashin bangaskiya kala-kala ne, kowanne da maganinsa. Akwai mai tambayar da ba a amsa masa ba. Akwai wanda wata rayuwa yake so, yana ganin Allah ya tare masa hanya. Akwai kuma wanda aka ji wa rauni da sunan Allah. Yaron da ya durƙusa ya gaida dattawan da suka zo tsare shi, na ukun ne. An gaya masa ƙanwarsa ta mutu domin addu'arsa ba ta kai ba. Ya zaɓi ya ce babu Allah da ya yarda da Allahn da zai bar yarinya ta mutu don bangaskiyar yayanta ta gaza.

A nan zan juyo gare ku duka masu karatu. Ku daina faɗin wannan magana a gidan makoki. Sikila cutar jini ce da ake haihuwar mutum da ita. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:8-9), wa zai ce bangaskiyarsa ce ta kasa? Marta ta tari Yesu ta ce da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, bai tsawata mata ba, a wannan sura ta Yohanna 11 ma kuka ya yi. Mai addu'ar nan ya yi ɓarna, kuma ba wanda ya gaya wa yaron haka.

Ki fara da abinci. Ki samu babansa ku kaɗai, ki roƙe shi a maido da yaron cikin iyali. Ku yi addu'arku, shi ya yi shiru in ya ga dama. Toma ya ce ba zai gaskata ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi, amma bayan kwana takwas yana nan a ɗaki tare da almajirai, nan Yesu ya same shi (Yohanna 20:26). Da sun kore shi fa? Monika, mahaifiyar Augustine, babban malamin ikkilisiya na zamanin dā, ta taɓa hana ɗanta zama da ita saboda ya bi wata koyarwa, daga baya ta maido shi. Ta matsa wa wani bishop ya yi gardama da shi, bishop ya ƙi, ya ce ta ƙyale shi ta yi ta addu'a. Sai a shekarar 387 aka yi masa baftisma a Milan, yana da shekara 32. Batun gidan kawu ki manta da shi.

Wa'azin asuba da man zaitun a tsayar da su yau. Kowane saƙo yana gaya masa cewa an mai da shi aiki. Azuminki ki ci gaba, a ɓoye, kamar yadda Matiyu 6 ya koyar.

Bayan mako biyu ko uku, in gida ya lafa, ki zauna da shi ku biyu, ba Littafi a hannu. Ki ambaci sunan ƙanwarsa. Ki ce masa maganar mutumin nan ƙarya ce, kin kuma yi kuskure da kika yi shiru. Sai ki tambaye shi abin da ya ji a ranar, ki kama bakinki. Zai iya faɗin maganganu masu zafi a kan Allah. Inda iyaye suke ɓata abin ke nan, sai su katse da aya. Ki bari ya gama. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, tana kuma cikin Littafi Mai Tsarki.

Taron farkawa kada ki tilasta. Zai iya fita gaba don ki daina kuka, ku yi murna, shi ya koyi munafunci. Haka ma Jibin Ubangiji, kada a matsa masa. Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi (Yohanna 6:44). In wata rana ya fara tambaya, ki nemo mutum ɗaya mai ilimi da haƙuri wanda shi yaron yake girmamawa, su karanta Markus tare, sura ɗaya a mako, makonni 16. A sura ta 9 zai gamu da uban yaro mara lafiya da ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya karɓi wannan.

Matan Zumunta in sun tambaye ki, ki ce ɗanki yana cikin baƙin ciki, su sa shi a addu'a, kada kowa ta zo gida yi masa wa'azi.